Kujerar Kawu Mamman a Jirgin Alhaji

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagon Kawu Mamman, can bakin babban gwata, lambatun nan na unguwar Nima, ya san yatsan nan. Ko ciniki ake, ko faɗa ake rabawa, da zarar ƙarar jirgi ta taso daga filin jirgi sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya karkata kai, ya rufe ido guda. Dole kowa ya yi shiru. In ƙarar ta wuce sai ya sauke hannu ya ce, "Ba namu ba ne," ya ɗauko maganar daga daidai inda ya ajiye ta. To mu a Nima jirage a kanmu suke wucewa. Maganar da wani zai gama kafin shayi ya huce, Kawu sai ya kai ta azahar.

Ranar ɗaurin auren 'yar Hajiya Maimuna mai koko shi ne waliyyi. Liman ya tambaye shi ko ya bayar. Ya buɗe baki ke nan jirgi ya taso, sai ga yatsa a sama. Masallaci ya yi tsit. Dangin ango baƙi ne daga Kumasi, ba su san halinsa ba, sun zaci tsohon ya fasa. Uban ango har ya fara laluben takalminsa. Da ƙarar ta lafa Kawu ya ce, "Na fasinja ne, babba. Na bayar."

Ni ne Awudu direban tasi, ɗan marigayi Salifu. Kawu Mamman ba ɗan'uwan uwata ba ne, abokin babana ne, amma tun da babana ya rasu a kwanonsa nake cin abinci. Liman ya ce tun da ni na fi yawo da shi, in rubuta abin da na sani a karanta bayan addu'ar rasuwarsa. Karatuna bai yi nisa ba, kuma Hausata ta Nima ce, wadda Kawu ya yi ta gyarawa har ya haƙura. Ku karɓa yadda ta zo.

Sana'arsa dillancin tsofaffin kaya, irin waɗanda ake kawowa daga Turai muna ce musu hom-yus. Firij, fanka, injin mota, keken ɗinki. Bai yarda da sabon abu ba ko kaɗan. Kome ka nuna masa tambayarsa ɗaya ce: "An gwada shi?" Na taɓa sayen sabuwar waya a cikin kwalinta na kai masa ya sa albarka. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce abin da bai taɓa faɗuwa a hannun wani ba, ta yaya zan san ko yana jure faɗuwa? Tabaransa na wani Kwara ne da ya mutu a kasuwar Makola. Agogonsa ya girme ni. Inna Rabi, kina ji, kuma kin san ba ƙarya nake ba: da aka tambaye shi don me bai nemi budurwa ba ya aure ki kina bazawara, cewa ya yi yana son matar da ta riga ta san maza ba su da wayo, don kar ya sha wahalar koya mata. Ke kuma kika ce ai a kansa kika gama tabbatarwa.

Abin da da yawanku matasa ba ku sani ba shi ne dalilin yatsan. Kawu mutumin Tawa ne a Nijar. Yana saurayi ya samu saɓani da mahaifinsa, ya hau saman motar albasa mai zuwa nan Ankara. A tasha, gaban mutane, mahaifin ya ce masa a kan buhu ya tafi kuma a kan buhu zai dawo. Kawu ya rantse da Allah ba zai sake taka Tawa ba sai a jirgin sama. Mutanen tasha suka yi dariya. Yayarsa Hajo kaɗai ba ta yi ba, ta miƙa masa ƙullin fura ta juya.

Rantsuwar nan ita ta cinye masa rayuwa, kuma ba zan yi mata ado ba. Mahaifin ya rasu, bai je ba. Mahaifiyar ta rasu, bai je ba. Ya rage Yaya Hajo kaɗai, ta tsufa, idonta ya fara tafiya. Liman ya zaunar da shi ba sau ɗaya ba, ya ce masa rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma ya hau mota ya je ya ga 'yar'uwarsa. Kawu ya ce in ciyarwa ce ai kullum yana yi, ga Awudu nan shi kaɗai ya kai miskinai huɗu. Muka ce to ga jirgin fasinja, ya hau zuwa Yamai. Ya ce daga Yamai kuma fa? Mota ce za ta kai shi Tawa, ta sauke shi a tashar nan dai da aka yi masa dariya. Na ce masa waɗanda suka yi dariyar duk sun mutu. Ya ce 'ya'yansu suna nan.

Ana haka Allah ya ɗaga Alhaji Isufu. Shi ma ɗan Tawa ne. Da ya zo Ankara yana yaro ba shi da kowa, a tabarmar Kawu ya fara kwana, yana sauke albasa a kasuwar Agbogbloshie. Daga nan tireloli, daga tireloli harkar zinariya, har abin ya fi ƙarfin lissafinmu. Tafiya ta yi masa yawa, yau Tamale gobe Wagadugu jibi Abijan, jiran jirgin fasinja yana cinye masa kwanaki. Sai ya yi niyyar sayen ƙaramin jirgi na kansa. Labari ya iso benci. Kawu ya sa babbar riga ya ce in kai shi ofishin Alhaji yanzu yanzu, kafin yaron nan ya je ya sayo sabo ya kashe kansa.

Gaskiya Alhaji dama na hannu zai saya. Yana da lauyoyinsa, yana da injiniyan da ya ɗauko takanas don duba jirgin. Amma mutum ne mai tuna tabarma, sai ya bar Kawu ya ɗauka shawararsa ce. Da aka kawo jirgin daga Turai don a gani, ya sa aka yi mana takardar shiga rumfar jirage.

Ni na zaci zan ga ƙaton abu. Ashe ɗan siriri ne, fari, tsawonsa bai fi tirela ba, injuna biyu maƙale a bayansa kusa da wutsiya. Ƙofarsa in an buɗe sai matakala ta sauko daga jikinta. Kawu ya zagaya shi yadda yake zagaya tsohuwar tirotiro, motar hayar nan tamu. Ya shinshina bakin injin. Ya ƙwanƙwasa fiffike ya kara kunne. Sannan ya ja baya ya harbi taya da ƙafa. Injiniyan ya yi wani irin sauti kamar an taka masa yatsa. Kawu ya tambaye shi kilomita nawa jirgin ya ci. Injiniya ya ce jirgi ba a lissafa masa kilomita, awannin da ya yi a sama ake dubawa da yawan saukar da ya yi, kuma kowane ƙarfe a jikinsa yana da takardarsa, ga su nan cike da akwati. Abin ya yi wa Kawu daɗi. Ya ce wato duk saukar da ya yi lafiya ya sauka, tun da ga shi a tsaye. An gwada shi.

Wajen shiga ya buga goshi, don cikin jirgin mutum ba ya miƙewa tsaye, sai a sunkuye. Kujeru shida ne na fata, huɗu suna fuskantar juna da ɗan tebur mai naɗewa a tsakani. Ya zauna a kowacce. Ya tarar da hannun ɗaya ya ɗan koɗe, ya shafa wurin da murna ya ce tsohon mai shi a nan yake zama, kuma mutum ne mai tunani da hannun dama. Can baya ya ga wata 'yar kujera a lungu da ƙofa mai zamewa, ya shige ya zauna ya ce wannan ta fi duka sirri. Matuƙin jirgin, wani Kyaftin ɗan ƙabilar Ga mai haƙuri, ya ɗaga masa katifar ya nuna masa bayi ne. Ya ƙara da cewa tana da bel, in mutane sun yi yawa akan zaunar da wani a kai. Kawu ya tashi da sauri ya kakkaɓe riga. Ya ce bai yi shekara da shekaru yana jira don ya shiga Tawa a kan masai ba.

A nan ne ya yi tambayar da ta kawo shi. Ya ce wa Kyaftin, wanda har Kawu ya mutu direba yake ce masa, ɗan filin nan na Tawa da babban jirgi ba ya zuwa, wannan zai iya sauka? Kyaftin ya ce amfanin irin wannan jirgin ke nan, gajeren fili ya ishe shi. Za su tsaya Yamai a buga takardu, su ƙarasa. In an tashi da hantsi, azahar a Tawa. Na kalli Kawu. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Lauyoyi sun riga sun gama komai a takarda, amma Kawu ya ce ba a yi ciniki ba tukuna. Ya kamo hannun Baturen da ya kawo jirgin ya ɗora a na Alhaji, ya riƙe su duka biyu, ya ce sai Baturen ya ce ya sallama. Ya yi ta biya masa kamar ɗan makarantar allo har mutumin ya faɗi wani abu mai kama da haka. Kawu ya yi fatiha. Daga ranar, duk Nima da Mamobi sun ji cewa shi ya sayo wa Zango jirgi, kuma daga ranar ne "namu" ya shiga maganar yatsa. In na Alhaji ne ya tashi, ƙararsa siririya ce kamar fito, Kawu har miƙewa yake.

Alhaji ya miƙo masa ambulan na la'ada. Ya tura masa abinsa.

"Kujera ɗaya, Isufu. Ta taga. Tawa."

Alhaji ya ce ya ba shi, duk ranar da jirgin zai je gida.

Ranar ba ta zo da wuri ba, don Alhaji ba shi da harka a Tawa a lokacin. Jirgi dai yana ta aiki. Alhaji ya karya kumallo a Ankara, ya ga mutanensa a Tamale, ya wuce Wagadugu, ya dawo ya tarar da magariba a masallacin unguwa. In ba ya tafiya, kamfanonin haƙar ma'adinai su yi hayarsa su kai injiniyoyinsu. Akwai ranar da aka ɗauko wani malami daga arewa yana kwance da ledar ruwa a hannu, aka kai shi asibiti a nan, ya rayu. Kawu ya ba da labarin nan har muka haddace, kamar ɗansa ne ya ci jarrabawa.

Sai Alhaji ya gina masallaci a Tawa, aka sa ranar buɗewa. Kujera ta tabbata.

Kyaftin ya kira Kawu gefe ya yi masa bayani. Ya ce ƙaramin jirgi ba mota ba ne, komai sai an auna: mutane, mai, kaya. Kuma daga Yamai sai sun cika tanki, don a Tawa babu inda za su sha mai na dawowa, ga zafi, ga gajeren fili. Jaka ɗaya ƙarama zai ɗauko. Kawu ya ce ya gane. Abin da ya gane shi ne, duk naman da ya zubar daga jikinsa wuri ne ya samar wa tsaraba.

Kun tuna lokacin. Ya daina cin shinkafa da wake na safe. Ya daina tuwon dare. Koko ba suga, ƙosai ɗaya. Inna Rabi ta yi faɗa har ta gaji. Duk Juma'a sai in kai shi Agbogbloshie ya hau sikelin albasa, 'yan kayaye masu dako suna tsaye da kwanoninsu suna dariya, mai sikeli yana tambayar ko a ɗinke bakin buhun. Bayan haka ya fara koyon sunkuyo don kar ya sake buga goshi gaban mutanen Tawa. Daga shago zuwa masallaci a duƙe yake tafiya. Wata baƙuwa ta ɗauka ciwon baya ne ta kawo masa man zafi.

Kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya je Makola ya sayi hula sabuwa, sabuwa fil, a cikin ledarta. Na ce, Kawu, an gwada ta? Ya ce Tawa za ta gwada ta, in rufe masa baki.

To yanzu na zo inda nake son ku saurara, don da yawanku kuna cikin labarin.

Kun san al'adarmu. Mai tafiya arewa ba ya tafiya shi kaɗai. Kowa yana da uwa ko ƙanwa a can, kowa zai kawo ɗan saƙo, kuma ba a cewa a'a. In ka karɓa da hannunka ka ce in sha Allahu zai kai, ya zama amana a wuyanka. A motar albasa wannan ba komai ba ne, a jefa a baya. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin jirgi daban ne. Wasu ma cewa suke ai jirgi ya fi mota, zai fi ɗauka.

Kawu ya yi nasa wayon. Ya auno ƙofar ma'ajin kayan jirgin da igiya, ya sa kafinta ya buga masa katako daidai faɗinta, ya jingine a ƙofar shago. Duk saƙon da bai wuce ta ciki ba, ba zai karɓa ba. Sai mutane suka koma suka rarraba kayansu ƙanana. Garin rogo a ƙulle, man ja a 'yar jarka, kwalaben yajin shito, busasshen kifi, goro, atamfa, sabulu, maganin hawan jini. Ba 'yan Tawa kaɗai ba, har na Ƙonni da Madawa da Galmi, wai ai kusa ne. Kuma kowa yana ajiyewa yana buga waya gida cewa saƙonsa a jirgin sama zai zo, a fito filin jirgi a karɓa. Na ce masa Kawu, kayan nan sun yi yawa. Ya ɗaga riga ya nuna min haƙarƙarinsa ya ce ya riga ya biya kuɗin motarsu.

Ranar tafiya tasita ba ta ɗauke su ba, sai da muka ƙara da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku. Kyaftin ya ga muna saukewa, ya dafe ƙugu, ya faɗi wata kalma da Ga wadda ba zan rubuta ba tun da a masallaci za a karanta. Amma ya yi ƙoƙari. Matafiya biyar ne: Alhaji, lauyansa, abokan kasuwancinsa biyu, da Kawu. Ya auna kowa, ya auna kaya, ya cika ma'ajin hanci da na wutsiya iya abin da aka yarda. Tulin da ya rage a ƙasa ya ɗora a sikeli, ya duba, ya kalli Kawu. Ya ce abin da ya rage ya kusa nauyin mutum guda. Ko tsohon ya shiga, ko kayan. Duka biyu jirgin ba zai tashi daga Yamai ko ya sauka Tawa lafiya ba.

Na ce to Kawu ya haƙura ya zauna a kujerar bayin nan, kayan su hau tasa. Kyaftin ya ce ba wuri ne babu ba, nauyi ne.

Kawu ya cire babbar riga ya sake hawa sikeli. Ya cire takalmi. Ya cire agogo. Allurar ba ta ji tausayinsa ba. Ya juya ya ƙare wa lauyan Alhaji kallo, mutum ne mai jiki masha Allah, ya tambaya a hankali ko zuwan wannan bawan Allah dole ne. Aka ce dole ne, akwai takardun fili.

Alhaji ya ce a bar kayan, gobe akwai tirelarsa mai komawa, za ta kai su har gida. Maganar hankali ce. Ni ma na faɗa, Kyaftin ma ya faɗa. Kawu ya durƙusa gaban tulin ya fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan masu su. Wannan na Hajiya Maimuna ne, maganin tsohuwarta. Wannan na matar marigayi Buba ne, atamfar auren 'yarta, kuma auren jibi ne. Wannan na wane, ya riga ya ce wa ƙanensa ya taho daga ƙauye. Ya ɗaga, ya ajiye. Ya ɗaga, ya ajiye.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Mamman, don girman Allah ka shiga. Hajo tana can tana jira."

"Na ce musu a jirgi za su je, Isufu. Da bakina na faɗa. Wa zan koma in kalla in ce nasa ne ya fi sauƙin bari?"

Ya tambayi Kyaftin ko kaya suna iya zama a kujera. Kyaftin ya ce in an ɗaure su da kyau. Kawu ya haɗa su a babban buhu da hannunsa, muka ɗaga, ya sunkuya ya shiga, kuma bai buga goshi ba, koyon ya yi amfani. Ya zaunar da buhun a kujerar taga, mai koɗaɗɗen hannun nan, ya ja bel ya ɗaure shi. Sannan ya cire sabuwar hular ya ɗora a kan buhun, ya gyara mata zama. Ya ce wa Alhaji a ba Hajo, a ce mata yana tafe a zuwa na gaba.

Muka tsaya a bakin rumfa jirgin ya tashi. Bai ɗaga yatsa ba. A hanyar komawa Nima, da muka zo wajen mai shinkafa da wake ya ce in tsaya, a zuba masa da ƙwai da taliya da komai.

Da la'asar waya ta shigo ta layina, don tasa ba a jin magana sosai. Jikan Yaya Hajo ne ya haɗa su. Na sa a lasifika, shi ya sa na ji. Ta ce tun hantsi aka kawo ta filin jirgi a amalanke. An ce mata ƙofa ta buɗe, ta ce a tsayar da ita. Aka yi ta sauko da ƙulle-ƙulle, mutane suna ta karɓa suna godiya, sannan Alhaji ya zo ya sa mata hula a hannu.

"Mamman, na karɓi hula. Kan fa?"

Ya fara yi mata bayanin nauyi da mai da gajeren fili. Ta bar shi ya gama.

"Ni ban taɓa cewa ka zo a jirgi ba. Baba ne kuka yi da shi, kuma ya tafi. Ni cewa na yi ka zo."

Ya ce zuwa na gaba, in sha Allahu. Ta ce hular ko warinsa babu, sabuwa ce, da ya aiko tsohuwar.

Zuwa na gaba bai zo ba. Injunan jirgin suka cika awanninsu, aka kai shi waje don babban gyara, ya daɗe a can. Da Alhaji ya ga abin da gyaran zai ci, sai ya sayar wa wani a wata ƙasa. Na zaci Kawu zai yi fushi. Ya ce a matsayinsa na dillali Isufu ya yi daidai, kayan hannu dama hannu suke canzawa. Amma yatsan bai daina ba. Jirgi ya wuce, ya saurara, ya ce ba namu ba ne, alhali ya san namu ba ya ƙasar ma.

Kafin Layyar da ta wuce, wata safiya ya ce in kai shi bakin masallacin Mamobi. Ya sayi abinci ya raba wa mabarata da hannunsa, yana ƙirgawa da leɓe har goma. Ban tambaye shi ba, na gane. A hanyar dawowa ya ce ya yi magana da wani direban albasa, bayan Sallah zai ba shi gidan gaba. Ya ce kar in gaya wa kowa, ko matata, don in Zango ta ji sai saƙo. Ya ce wannan karon daga shi sai rigarsa.

Kun san sauran. Ana gobe Arfa ya faɗi a shago. Asibiti ba su riƙe shi da yawa ba.

A maƙabarta, ana cikin tura ƙasa, wani ƙaramin jirgi ya wuce, irin mai siririyar ƙarar nan. Masu shebur suka tsaya da kansu. Na duba na ga kowa ya ɗaga kai, Alhaji Isufu kuma ya ɗaga yatsa, hawaye na bin gemunsa. Muka tsaya haka har ƙarar ta ɓace. Babu wanda ya san ko namu ne, mai faɗa mana yana ƙasa.

Kun yi dariya ranar da kuka ji buhu ya tafi Tawa da hula, ni ma na yi. Saƙon kowa ya isa, babu ƙullin da ya ɓata. Mutumin da ya kai muku ne kawai bai ga yayarsa ba. Ban ce laifin wani ba ne, taurin kansa ma ya isa. Na faɗa ne don a sani.

Direban albasan ya ce gidan gaban yana nan. Mako mai zuwa zan hau in je in yi wa Yaya Hajo gaisuwa, in kai mata tsohuwar hular, wadda ta sha gumi. Ina roƙonku kar wanda ya kawo min ko ƙullin barkono. Hajiya Maimuna, na ga abin da kika bar wa matata jiya. Maganin tsohuwarki ne, zan kai. Shi kaɗai.

Allah ka jiƙan Kawu Mamman. Ka yafe masa taurin kansa, ka duba amanar da ya riƙe wa mutane. Ka sauƙaƙa masa nauyi ranar awo. Ka ba Yaya Hajo da Inna Rabi haƙuri, kuma ka haɗa shi da 'yar'uwarsa a inda ba a barin kowa a ƙasa. Amin.